Hakkin Jiki Da Waswasin Zuciya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam, ya daidaita gaɓoɓinsa, ya ba shi jiki amana. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako shi ne wani bawan Allah, ma'aikacin ofis, mai shekara 50 da 'yan kai, wanda ya tare ni a ƙofar masallaci bayan sallar Magariba. Likita ya auna shi, ya ce jininsa ya hau, ciwon sukari kuma yana bakin ƙofa, ya umurce shi da ya riƙa tafiyar ƙasa da ɗan sauri, minti 30 kowace rana. Ya ce mini ya fara har sau 4. Kowane karo yakan yi kwana 10 ko mako 2, sa'an nan wata hidima ta taso, ko a yi ruwa, ko baƙi su sauka, ya yi fashin kwana 2, shi ke nan an binne magana. Sai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni dai na san kaina. Rago ne ni tun ina yaro, ban taɓa kama abu na kai shi ƙarshe ba. A taimaka mini da addu'a kawai."

Na yi masa addu'a. Amma na gaya masa cewa ciwon da na ji a harshensa ya fi wanda likita ya gani a jininsa bukatar magani da gaggawa. Domin ruwan da ya hana shi fita ya ɗauke tun washegari, baƙin kuma sun koma gidajensu. Abin da ya zaunar da shi har yau shi ne hukuncin da ya yanke wa kansa a ranar da ya yi fashi. Tun da na san ba shi kaɗai ne ke fama da wannan ba, na ga ya kamata mu duba abin da addininmu ya ce a kai.

Da farko dai, kada wani ya ce ina ruwan filin addini da motsa jiki. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Abdullahi ɗan Amr ɗan Asi, Allah ya yarda da shi, saurayi mai himma wanda ya ɗaukar wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare gaba ɗaya. Da labari ya kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya hana shi, ya sanar da shi cewa jikinsa yana da hakki a kansa, haka ma idonsa, haka ma iyalinsa. To, idan ibada ba ta zama hujjar tauye hakkin jiki ba, ina ga kujerar ofis da zaman majalisa?

Shi kansa Manzon Allah mutum ne mai kuzari. Abdullahi ɗan Umar ya ba da labarin cewa yakan je masallacin Kuba kowace Asabar, wani lokaci a ƙasa, wani lokaci bisa abin hawa, alhali tsakanin Kuba da masallacinsa ya fi kilomita 3. Abu Dawuda ya ruwaito cewa ya yi tseren gudu da Nana A'isha, ta tsere masa, bayan wasu shekaru da ta yi jiki suka sake, ya tsere mata, ya nuna mata cikin raha cewa ya rama. Da ƙabilar Banu Salima suka so su taso daga unguwarsu su dawo kusa da masallaci saboda nisa, sai ya ce su zauna a gidajensu, domin ana rubuta musu ladar sawunsu. Yau ga mu nan, masallaci na bayan gida, amma sai an tayar da babur.

Masana lafiya kuwa sun daɗe da tabbatar da illar yawan zama. A shekarar 1953 wani likitan Birtaniya mai suna Jeremy Morris ya bayyana sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu bene na birnin Landan. Mota ɗaya, hanya ɗaya, amma direba yana zaune wuni zubur, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana karɓar kuɗi. Sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi yi musu kisan gaggawa. A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsa jiki matsakaici, irin su tafiya da sauri, ta kuma ƙara da cewa kaɗan ya fi babu. Minti 30 sau 5 a mako ya cika 150 ke nan. Hukumar ta bayyana a 2024 cewa a lissafin shekarar 2022 kusan kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, watau mutum wajen biliyan 1.8, ba su kai wannan gwargwado ba. Manomi da mai ga-ruwa da matar da ke daka da surfe ba su ne abin ji ba a nan. Mu ne, mutanen ofis da kanti da mota.

Duk wannan abokin namu ya sani. Ba ilmi ya rasa ba. Saboda haka bari mu koma ga muryar nan da ke magana a cikin ƙirjinsa.

Abu Huraira ya ruwaito daga Annabi cewa idan mutum ya yi barci Shaiɗan yakan yi ƙulli 3 a ƙeyarsa, a kan kowane ƙulli yana raɗa masa cewa dare da sauran tsawo, ya ci gaba da kwanciyarsa. In ya farka ya ambaci Allah, ƙulli ɗaya ya kwance. In ya yi alwala, na biyu ya kwance. In ya yi salla, duk sun kwance, sai ya wayi gari da nishaɗi da daɗin rai. In kuwa bai yi ba, ya wayi gari da ɓacin rai da kasala. Wannan hadisi a kan salla yake magana, kuma ba na nufin in daidaita salla da yawon motsa jiki, Allah ya tsare. Amma akwai darasi a cikinsa game da yadda abokin gaba yake aiki da zuciyar ɗan Adam a kowane alheri.

Duba da kyau, ya ɗan'uwana. La'anannen bai ce wa mai barci ya bar salla har abada ba, domin ya san ba za a saurare shi ba. Cewa ya yi akwai sauran lokaci. Haka yake yi da mai niyyar fita tafiya: yau akwai sanyi, bari sai gobe, wannan mako ya riga ya lalace, bari sai Litinin, azumi ya ƙarato, bari sai bayan salla. Sa'an nan ka lura da inda nishaɗi ya zo a cikin hadisin. A ƙarshe ya zo, bayan an tashi, an taɓa ruwa, an tsaya. Da yawanmu muna kwance muna jiran nishaɗi ya zo ya tashe mu, alhali shi yana can gaba yana jiran mu taso. Duk wanda ya taɓa fita da asuba yana jan ƙafa, ya dawo bayan rabin awa jikinsa sakayau, ya san gaskiyar wannan.

Wannan jinkirtawa ita ce ƙaramar dabara. Babbar ita ce wadda ta kama abokinmu, watau mutum ya mai da kuskuren rana ɗaya ya zama sunansa. Nana A'isha ta ruwaito, kuma yana cikin Buhari da Muslim, cewa Annabi ya hana mutum idan ya ji ransa ba daɗi ya siffanta ran nasa da kalmar da ke nufin mugunta da ƙazanta, ya koya masa wata kalma dabam mai nufin cewa ran ya gundura ko ya cushe. Malamai masu sharhi, irin su Haɗɗabi, sun ce kalmomin nan biyu a Larabci ma'anarsu kusan ɗaya ce, sai dai Annabi ya ƙi mummunan lafazin, ya zaɓa wa mumini wanda ya fi tsabta. Wani zai ce, to ai a hadisin ƙulle-ƙullen nan an yi amfani da wannan kalma ɗin da aka hana. Malamai sun amsa cewa can Annabi yana siffanta halin wani ne domin a guje shi, abin da aka hana kuwa shi ne mutum ya liƙa wa kansa ita da bakinsa.

Subhanallahi! Manzon da aka aiko da tauhidi da shari'a, ga yaƙe-yaƙe, ga baƙin ƙabilu, amma ya tsaya yana gyara wa mutum kalmar da zai kira kansa da ita a ranar da ya tashi ba daɗi. Da abin wasa ne da bai tsaya ba. Wanda ya ce "yau na gaji" ya faɗi halin da zai wuce kafin gobe. Wanda ya ce "ni rago ne" ya rufe ƙofa ya jefa mabuɗi a rijiya, domin me zai sa rago ya sake gwadawa? Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a shekara ta 751 bayan Hijira, ya kamanta ran ɗan Adam da dutsen niƙa mai juyawa ba tsayawa: in ka zuba masa hatsi ya ba ka gari, in ka zuba masa tsakuwa ita zai niƙa maka. Mutumin da ya shekara 40 yana zuba wa dutsensa "ba zan iya ba", kada ya yi mamakin garin da yake kwasa.

A nan dole in yi togaciya, domin kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake mutum ya daina yi wa kansa hisabi ba. A farkon Suratul Ƙiyama Allah ya yi rantsuwa da rai mai yawan zargin kansa, kuma Allah ba ya rantsuwa da abin banza. Sai dai zargi iri biyu ne, kuma ana gane su da 'ya'yan da suka haifa. Akwai wanda yake kama aikin, ya ce jiya ka yi sakaci, ka daɗe kana hira har ka makara, yau ka kwanta da wuri. Wannan yana tashinka tsaye. Akwai kuma wanda yake kama kai ɗinka, ya tono maka duk abin da ka taɓa farawa ka bari tun kana makarantar allo, ya ce ka gani, haka kake, haka za ka mutu. Wannan yana zaunar da kai, kuma yakan zo ne sanye da rigar gaskiya da tawali'u, shi ya sa mutanen kirki suke buɗe masa ƙofa. Duk zargin da ƙarshensa ya zama barin alheri, to ka san daga inda ya fito.

Ko sahabbai ba su tsira daga irin wannan ba. Muslim ya ruwaito cewa Hanzala, ɗaya daga cikin marubutan Annabi, ya gamu da Sayyidina Abubakar yana cewa shi kam ya zama munafuki. Dalilinsa shi ne idan suna gaban Annabi yana yi musu wa'azi sai su ji kamar suna ganin Aljanna da wuta da idanunsu, in sun koma cikin iyali da dukiya sai su manta da yawa. Abubakar ya ce shi ma yana jin haka. Suka tafi wurin Annabi, sai ya kwantar musu da hankali, ya nuna musu cewa ba a halicci mutum domin ya dawwama a kan hali ɗaya ba, wannan yana da lokacinsa, wancan ma yana da nasa. Hanzala ya ga raguwar himma ya kira ta munafunci, Annabi kuwa ya kira ta ɗabi'ar ɗan Adam. To, idan himmar imani tana hawa tana sauka a zukatan irin waɗannan mutane, don me kai za ka yanke ƙauna saboda himmar tafiyar safe ta sauka?

Akwai wani bincike da ya dace da wannan wuri. Wata masaniya a wata jami'a ta Landan, Phillippa Lally, da abokan aikinta, sun bi mutum 96 waɗanda kowannensu ya zaɓi wata sabuwar al'ada ta ci ko sha ko motsa jiki da zai riƙa yi kullum, aka buga sakamakon a 2009. Sun tarar cewa kafin abu ya zama jiki, a tsakaice yakan ɗauki kwana 66, wasu kwana 18, wasu kuwa lissafi ya nuna sai sun kai 254. Suka kuma tarar cewa fashin rana ɗaya bai rushe ginin ba. Abokinmu yana yin kwana 10 ya ce ya gwada ya kasa, alhali ko harsashi bai gama haƙawa ba.

Wani abin da ke kawo wannan faɗuwa shi ne ɗaukar kaya fiye da ƙarfi tun ranar farko. Mutum ya shekara 20 bai yi gudu ba, ran da tsoron likita ya kama shi sai ya sayi takalmi ya zagaye filin ƙwallo sau 10, washegari ko ruku'u ba ya iyawa. Shari'a ba ta son wannan ko a ibada. Annabi ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce, in ta gaji da tsayuwar salla sai ta riƙe. Ya ce a kwance ta, mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna. Ya kuma sanar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Abdullahi ɗan Amr ɗin nan da muka ambata, da tsufa ya zo masa, ya riƙa cewa ina ma ya karɓi rangwamen da Annabi ya yi masa. Hausawa sun ce yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya. Minti 10 da za ka iya ko a ranar da ka fi kowace gajiya sun fi awa guda da za ka yi sau 3 ka watsar.

Sauran muryoyin ba sai mun daɗe a kansu ba. Akwai mai cewa da ka fara tun kana saurayi da yanzu ba haka ba. Annabi ya riga ya gargaɗe mu cewa faɗin "da na yi kaza" yana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aiki, kuma a cikin wannan hadisi ne ya ce mumini mai ƙarfi ya fi soyuwa ga Allah bisa mumini mai rauni, ko da yake kowannensu yana da alheri. Mutane suna yawan jawo shi a kan ƙarfin damtse, amma Imam Nawawi ya fassara ƙarfin da ƙarfin azama a kan al'amuran lahira, kuma wanda ya rasa azama ai damtsen ma ba zai samu ba. Akwai mai cewa dattijo kamarka, da furfura, a gan ka kana sauri a titi kamar wanda aka biyo? Waɗanda kake jin kunyarsu ba su ne za su biya kuɗin magani ba, kuma wanda ya ga dama ya yi tafiyarsa cikin rigarsa da hularsa, mata kuma tsakar gida ta ishe su. Akwai kuma mai cewa rai a hannun Allah yake, ko ka yi ko ba ka yi ba sai kwananka ya ƙare. Gaskiya ne, amma gaskiya ce da aka nufi ɓata da ita. Wanda ya faɗi haka bai taɓa barin shagonsa a buɗe ya tafi gida ba. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi ya umurci mai raƙuma ya ɗaure ta tukuna sa'an nan ya dogara ga Allah.

Wani malamin Musulunci mai suna Abu Zaid Al-Balkhi, mutumin yankin Balkh a ƙasar Afganistan ta yau, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafi a kan kiyaye lafiyar jiki da ta rai, har ya ware babi a kan waswasi da zancen zuci. Shawararsa ita ce mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida kafin ciwo ya zo, domin a lokacin da waswasi ya taso hankali ba ya iya ƙirƙiro amsa. Ya kuma yi gargaɗi game da kaɗaici da zaman banza. Wannan shawara ce mai amfani ƙwarai. Ka san abin da zuciyarka za ta ce maka gobe da asuba, domin ta sha faɗa. Shirya mata amsa tun yau da dare, ka ajiye takalmanka a bakin ƙofa, ka yi alkawari da maƙwabcinka cewa za ku fita tare bayan an sallame salla. Kunyar barin mutum yana jira a waje takan rinjayi daɗin bargo.

Kada kuma wani ya ɗauka kowace murya mai cewa "tsaya" waswasi ce. Idan kana tafiya ka ji ƙirjinka ya ɗaure ko yana ciwo, ko numfashi ya gagara, ko jiri ya ɗebe ka, wannan jiki ne yake neman hakkinsa, sai ka tsaya ka nemi likita ba tare da jinkiri ba. Mai ciwon zuciya da mai shan maganin sukari su yi shawara da likitansu kafin su fara. Haka nan wanda baƙin ciki ya lulluɓe shi mako 2 ko fiye, ba ya jin daɗin komai, yana ganin kansa ba shi da amfani a duniya, wannan ciwo ne da ake magani a asibiti, ba raunin imani ba ne, kuma 'yan'uwansa su taimaka su kai shi. Sa'an nan mu tuna motsa jiki ba farilla ba ne irin salla. Wanda ya yi da niyyar kiyaye amanar Allah da samun ƙarfin ibada da neman halali, muna yi masa fatan lada. Wanda ya yi fashi bai yi zunubi ba, balle ya ɗora wa kansa laifin da Allah bai ɗora masa ba. Mugun tunanin da ke ɗarsuwa a zuciya ma, Annabi ya yi mana bushara cewa Allah ya yafe wa al'ummarsa shi muddin ba a furta ba, ba a kuma aikata ba.

Da muka zo rabuwa da abokin nan nawa sai na ce masa, "Alhaji, ka ce ba ka taɓa kama abu ka kai shi ƙarshe ba. Shekara nawa kana azumin Ramalana?" Ya ce tun yana ɗan shekara 12. Na ce, "Shekara nawa kana fita aiki kana ciyar da iyali?" Ya ce sun kusa 30. Na ce, "To wane rago ne wannan? Ka yi wa wani Musulmi irin wannan shaidar zur da ka yi wa kanka, ai sai ka nemi gafararsa." Ya yi dariya, ya sunkuyar da kai.

Ya tambaye ni ko ya bari sai ranar Asabar ya sake farawa, tun da mako ya riga ya raba. Na tambaye shi ina motarsa, ya nuna mini ita a gindin bishiya. Gidansa bai fi tafiyar minti 15 daga masallacin ba. Na ce ya ba ɗansa mabuɗi ya kai ta gida, shi kuma ya taka, in an kira Isha'i ya sake takowa. Ya miƙa wa yaron mabuɗin, muka yi sallama.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu daga gajiyawa da kasala. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.